Tsohuwar Fijo 504: a sayar ko a gyara? Muhawarar shan mai da ƙarkon inji

Malamin Makaranta:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar Fijo 504 wagon, haɗin Kaduna, kuma a rabon gado ta faɗo a hannuna. Da ita nake zuwa makaranta, da ita nake kai yara Islamiyya. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya a 2024 ta tsallake 1,000, motar nan ta zame min ciwon kai. In na zuba man dubu goma, allurar ko motsi ba ta cika yi ba. Abokan aiki suna ta cewa in rabu da ita in nemi Golf 3 ko Carina E. Zuciyata ba ta so, amma aljihu yana kuka. Me kuka gani?

Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Ɗana, kada ka sayar. Shekara 22 na yi ina jan 504 tsakanin Kano da Maiduguri, fasinja cike, kaya a but har ƙofar baya sai an ɗaure ta da igiya. Ban taɓa kwana a daji don inji ya ƙi ba. In ta tsaya, ɗayan uku ne: ko mai bai zuwa, ko wuta ba ta zuwa, ko fanbel ya tsinke. Da sukudireba da filaya da sifana biyu za ka tashe ta. Da tsohuwar zuma ake magani.

Direban Golf:
Baba, da girmanka, amma a lokacinku nawa ake sayar da lita? Ku je tasha ku duba layin Kaduna ko na Katsina, Fijo nawa za ku ƙirga? Duk Golf ne da Sharon da Hayis. Direbobi ba ƙin Fijo suka yi ba, lissafi ne ya kore ta. Ni Kano zuwa Kaduna, wajen kilomita 230, lita 19 zuwa 20 ke kai ni da lodi. Wanda ke da 504 sai ya tanadi kusan 30. In ka cire kuɗin mai da na kamasho da balas ɗin mai mota, me za ka kai gida?

Tsohon Direba:
Na ji, ɗana. To Golf ɗin taka inji na nawa ke cikinta yanzu?

Direban Golf:
Na uku ne, Baba, ba zan ɓoye ba. Amma ɗan Beljiyam ake saukewa a ɗora, kwana ɗaya an gama.

Bakaniken Panteka:
A nan bambancin yake. Injin 504 mai lita 2 ba a jefar da shi. Silif ɗinsa, wato kwanon da fistin ke hawa da sauka a ciki, zare shi ake yi a sa sabo. Ka sayi silif da fistin da ringi saiti guda, ka sa sabon metal, inji ya koma ɗanye ba tare da an kai bulo wurin masu gogewa ba. Kuma sarƙa ce ke juya tayimin ɗinsa, ba bel ba, sai ta yi ta ƙara tana gargaɗinka kafin ta ba ka kunya. Shi ya sa motar da aka fara fitarwa a Faransa a 1968, aka fara haɗa Fijo a Kaduna a 1975, har yau ake ganin ta a hanyar ƙauye da buhunan masara.
Amma Malam, kafin a yi maganar sayarwa, lita ɗaya kilomita nawa take kai ka?

Malamin Makaranta:
Gaskiya ban taɓa aunawa ba, Oga. Da kuɗi nake lissafi, in zuba na dubu biyar ko na dubu goma in ga kwana nawa zai yi.

Injiniya:
To ai nan ne matsalar yawancinmu, Malam. Kuɗin lita yana canzawa, allurar tsohuwar mota kuma ba abin dogaro ba ce. Ga yadda za ka yi. Ka je gidan mai ka cika tanki har famfo ya katse da kansa. Ka rubuta lambar da ke kan mitar tafiya. Ka yi harkokinka na mako guda yadda ka saba. Ka koma gidan man nan, famfon nan dai, ka sake cikawa. Litar da ta ci a karo na biyu ita ce abin da ta sha. Ka raba kilomitar da litar. In mitar motar ta mutu, wayarka za ta auna maka nisa. Na san cika tanki a wannan zamani ba ƙaramin abu ba ne, amma man ai ba asara ka yi ba, yana cikin tankinka.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ku yi haƙuri in sa baki. Duk lokacin da aka tada zancen tsohuwar mota, maza sai su ce ai da sifana biyu ake tashin ta. Ni ba na son motar da ake tashi da sifana. Ina tashi aiki ƙarfe tara na dare, wani lokaci da goyo a kujerar baya. Abin da nake kira ƙarko shi ne in murɗa makulli ta tashi, da sanyin hunturu ko da damina. Corolla tawa mai injin 4A shekara bakwai ke nan, ban da juye da fulogi da bel ba abin da na taɓa yi wa injin. Ba na jan cok, ba na buga totur sau biyar da asuba. Don Allah a daina nuna kamar duk motar da ke da ƙwaƙwalwa, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, fitina ce.

Tsohon Direba:
'Yata, gaskiyarki. Amma ranar da ƙwaƙwalwar ta ƙone miki tsakanin Potiskum da Damaturu fa?

Mai Wayarin:
Baba, bari in amsa wannan, don aikina ne. Ƙwaƙwalwar mota ba ta cika mutuwa da kanta ba, kashe ta ake yi. Wani ya juya kan batir, wani ya cire batir inji na aiki wai yana gwada caji, wani ya kai walda bai cire waya ba, wani ya sa famfon wanki ya feshe injin har cikin soket. Na fi shekara 15 a kan wannan aiki, kuma yawancin waɗanda aka kawo min hannun mutum ne ya taɓa su.
Abin da ya fi ƙona min rai shi ne motar injekta da aka mayar kafireto. Sensa guda ta lalace, maimakon a sa na'ura a gano ta, sai a tuge komai a ɗora kafireto. Mai mota ya tafi yana murna ta tashi, bai san ya sayi shan mai na har abada ba.

Bakaniken Panteka:
Wannan laifinmu ne mu kanikawa, na yarda. Akwai na biyu ma da ya fi shi yawa: cire tamostat. Mota ta sauka daga Kwatano, abu na farko sai a ce wannan na ƙasar sanyi ne, a cire a jefar, a haɗa fanka kai tsaye tana juyawa tun daga tada inji.

Direban Golf:
To Oga ai ni ma an cire min. Da zafin Kano na watan Afrilu ina amfanin sa?

Injiniya:
Amfaninsa babba ne, ɗan'uwa. An ƙera inji ya yi aiki da ruwa mai zafin kusan digiri 80 zuwa 90. Tamostat ƙofa ce, tana rufe hanyar lagireto har inji ya kai wannan zafi, sannan ta buɗe. In ta buɗe gaba ɗaya ba ta hana ruwa wucewa, don haka lafiyayyiya ba ta sa mota tafasa. In ka cire ta, inji yana daɗewa bai ɗumama ba, da safe da lokacin hunturu ma wataƙila ba zai kai ba sam. Ita kuwa ƙwaƙwalwa tana karanta zafin ruwa. Muddin ta ga sanyi, sai ta ci gaba da ƙara mai, kamar mai tafiya da cok a ja. Rarar man nan yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya gangara cikin kwanon juye ya tsinka shi. Ka ga an yi asara biyu, mai ya tafi, ringi ya ci.
Motar da ke tafasa akwai dalilinta: lagireto ya toshe da tsatsa saboda ruwan rijiya zalla ake zuba masa, ko murfinsa ya saki, ko fanka ba ta tashi, ko gaskit ya fara ƙonewa. A nemi dalilin.

Ɗan Maraɗi:
Ina wuninku 'yan'uwa. Ina biye da ku tun ɗazu. Mu nan fetur esansi muke ce masa, fulogi kuma buji, juye bidanji. Muna da matatar Zinder tun 2011, kuma a 2024 gwamnati ta rage lita daga sefa 540 zuwa 499, amma duk da haka mai taksi lissafin lita yake kwana da shi, shi ya sa ƙananan Toyota irin su Starlet suka cika gari.
Sai dai in ka hau arewa, daga Agadas zuwa Dirku, lissafin ya sauya. Can ba wanda ke tambayar mato nawa take sha kafin ya tambayi ko za ta kai. Land Cruiser mai injin 1HZ, silinda shida, lita 4.2, ba turbo, famfon gazuwal, wato gas, na ƙarfe ne ba ruwansa da kwamfuta. Ba ta da gudu, ba ta da tsimi, amma cikin rairayi inda za ka yi yini ba ka ga rijiya ba, ita mutane ke ba amanar ransu. Baba yana da gaskiya a wurinsa, Hajiya ma tana da gaskiya a nata wurin. Malam dai ba Sahara yake ketarawa ba, makaranta yake zuwa.

Mai Bodin Katako:
Tunda an shigo zancen gas, bari mu ma na manyan motoci mu ce wani abu. Marsandi 911 nake ja, ina ɗaukar hatsi daga Dawanau. Lambar nan ma'ana gare ta: tan 9, ƙarfin doki 110. Injinta OM352, silinda shida, lita 5.7, irin wanda aka yi ta haɗawa a Inugu daga farkon shekarun 1980. In ta tashi, ko ka cire batir ka ajiye a ƙasa ba za ta mutu ba, don gas ba ya buƙatar tartsatsin fulogi, matsi ne ke kunna shi. Injin gas yana matse iska kusan ninki 17, na fetur irin na Malam bai wuce 8 da wani abu ba, shi ya sa gas ke fitar da aiki mai yawa daga lita guda.
Abin da ke kashe irin namu guda biyu ne: gurɓataccen gas da lodin wuce kima. Gas ɗin da aka sirka da kananzir ba shi da santsi, alhali shi ne ke shafa wa famfo da nozul mai. Na taɓa saye a bakin hanya cikin dare don na matsu, kafin wata guda mota ta fara baƙin hayaƙi kamar ana gasa tukwane, ƙarfi ya tafi, sai da na kai famfo aka yi masa saiti, nozul shida duk aka canza. Abin da na kashe ya fi ribar tafiya huɗu. Araha ba ta ado.
Baƙin hayaƙin nan da yara ke wa kirari a hanya, kuɗi ne ke fita ta salansa.

Direban Golf:
Alhaji, ku kuma manyan motoci ku daina sakin mota a firi a gangara. Mu ne a gabanku.

Mai Bodin Katako:
Wallahi ka faɗi gaskiya, kuma ba na yi. Duk wanda ya san Hawan Kibo ya san abin da wannan ɗabi'a ta jawo. Inji ne ke riƙe mota a gangara, shi ne kuma ke juya kwamfaresa mai tara iskar birki. Ka sa firi, inji ya koma silo, kana ta taka birki, iska na raguwa, birki na ɗaukar zafi. Don tsimin lita ɗaya a rasa rayuka.

Tsohon Direba:
Mu ma a zamaninmu akwai masu kashe inji ɗungurum a gangara. Na hana yarana. Birkin ƙaramar mota da iskar da inji ke zuƙa yake samun taushi, in ka kashe, taku biyu ko uku sai feda ta zama dutse.

Injiniya:
Kuma ga mai injekta ma babu ribar komai. In ka ɗaga ƙafa daga totur mota na cikin giya tana gangarawa, ƙwaƙwalwa yanke mai take yi gaba ɗaya, tayoyi ne ke juya injin. In ka sa firi kuwa dole ta ba shi mai don kada ya mutu.
Mu koma kan Malam. Ga lissafi, a ɗauka lita naira 1,000 don sauƙi. Malam, gida zuwa makaranta da 'yan zirga-zirga, a ce kilomita 600 a wata. Lafiyayyiyar 504 a ce tana ba da kilomita 8 a lita, lita 75 ke nan. Carina a ce 12 da rabi, lita 48. Bambanci lita 27, wato naira 27,000 a wata. In sai ka cika miliyan biyu a kan kuɗin Fijo kafin ka sami Carina mai lafiya, sai ka yi wata 74, sama da shekara shida, kafin tsimin mai ya biya ka cikon.
Shi kuwa ɗan'uwanmu mai Golf, zuwa da dawowa kilomita 460 a rana. Bambancinsa da mai Fijo wajen lita 19 ne kullum. Miliyan biyun nan cikin kwana 105 na aiki ya mayar da ita. Don haka shi ya yi daidai da ya bar Fijo. Kai kuma ba lallai ba ne.

Ma'aikaciyar Jinya:
Injiniya, lissafinka ya yi, amma ka bar abu biyu. Na farko, kayan gyara. Na 504 na asali sun yi wuya, kasuwa cike take da jabu, ka sa kwantak yau bayan sati biyu ya ƙone. Na biyu, ina aiki a ɗakin da ake kawo 'yan haɗari. Motar da aka zana tun kafin a haife ni ba ta da jakar iska, ba ta da birkin da ke hana taya kullewa. Malam yara yake ɗauka. Ko zai riƙe ta, don Allah ya tabbatar bel ɗin kujeru na aiki, tayoyi ba waɗanda suka shekara goma ba ne.

Bakaniken Panteka:
Hajiya, wannan ba musu. Maganar jabu kuma ita ce ta sa nake ce wa masu Fijo su nemi tsohon kafireto na asali a gyara, ya fi sabo mai ƙyalli a kwali.
Malam, ga abin da za ka sa a duba maka, kuma ka tsaya a wurin da kanka. A kwance fulogi huɗun a jera su a kan bonet. In bakinsu baƙi ne mai gari kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa. In baƙi ne mai maiƙo, baƙin mai take ci, zancen ringi ya taso. In fari fat ne, an matse mai fiye da kima, wannan kuma bawul yake ƙonawa, don haka kada ka yarda wani ya ce zai shaƙe ta ta daina sha. Wanda ake so shi ne ruwan ƙasa-ƙasa.
Sannan jet, wato ɗan ƙarfe mai rami da mai ke bi ta cikinsa a kafireto. Yara in za su wanke kafireto sai su zura waya a ramin jet su sossoka. Ramin nan an auna shi ne, tagulla ce mai laushi, kowace sukar waya faɗaɗa shi take yi. Bayan wanki goma ya zama wani abu daban. Da iska ake busa shi. A duba fulot, wato abin da ke yawo a kan man cikin kafireto yana tsayar da shigarsa, ko ya huje yana nutsewa, a duba cok ko yana komawa har ƙarshe, a duba ƙaramin tiyon da ya tashi daga kafireto zuwa distirbuta, da yawa za ka tarar ya tsage ko an toshe shi da ƙusa. A yi saitin tafet da na wuta. Filtar iska kuma, da ƙurar hunturun nan, inji in bai sami iska ba mai yake zuƙa a madadinta. Daga ƙarshe ka biya wurin mai faci a auna iskar taya da geji, ba da bugun ƙafa ba, a ɗaga kowace ƙafa a juya a ga ko birki na kamawa.

Malamin Makaranta:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na rubuta duka a takarda. Zan fara da awo kamar yadda Injiniya ya ce, in na gama zan dawo da bayani.

Malamin Makaranta:
Salam. Yau kwana 19 da maganarmu. Awon farko: kilomita 168, ta ci lita 28, wato kilomita 6 a lita. Na kai ta gareji na tsaya a kai. Fulogi huɗun baƙi ƙirin, har yana shafa a yatsa kamar kwalli. Da aka buɗe kafireto, bakaniken ya girgiza fulot a kunnena, na ji fetur na motsi a cikinsa. Tiyon distirbuta kuwa an karya ashana an cusa a bakinsa, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Tamostat babu ita, gidanta wayam. Tayar baya ta dama da ƙyar take juyawa da hannu. An gyara duka, an sa jet na wani tsohon kafireto da aka samo a Ƙofar Ruwa. Awo na biyu: kilomita 187, lita 22, wato 8 da rabi. Baƙin mai bai ragu ba, don haka ba a taɓa ringi ba.
Na fasa sayarwa a bana. Hajiya, na sa an gyara bel ɗin gaba, na canza taya biyu, sauran biyun sai ƙarshen wata.

Ma'aikaciyar Jinya:
Madalla, Malam. Sababbin a mayar da su baya, tsofaffin su dawo gaba kafin ka canza su, kuma kada ka hau babbar hanya da yara sai an kammala.

Tsohon Direba:
Alhamdu lillahi. Ɗana, a gwada maka tamostat ɗin a ruwan zafi in ba a yi ba, ka ga buɗewarta da idonka, don ita ma akwai jabu. In ka shigo Unguwa Uku ranar Asabar ka neme ni a rumfar dattawa, ina so in ji ƙarar injin nan da kunnena.

Direban Golf:
Oga na Panteka, gobe ina da lodin Kaduna. In na sauke fasinja zan biyo a mayar min da tawa tamostat ɗin, a kuma raba fankar nan da makulli. Ƙarfe nawa kake buɗewa?

Bakaniken Panteka:
Takwas na safe. In ka iso ka bar ta ta huce tukuna, ba na buɗe lagireto da zafi.